Murfin na'urar faifaina ya fashe, zan iya haɗa wani da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina da tsohuwar na'urar kunna faifan garmaho, murfin robar da ke samanta ya tsage ta wajen hinji har wani ɓangare ya ɓalle, kuma kamfanin sun daina yin irinsa. Ko zan iya haɗa wani da hannuna?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Za ka iya mana, sai dai ka cire rai da samun irin na kamfani sak, don su narka robar suke yi inji ya tura ta cikin mazubi ta fito a dunƙule, kai kuwa fallaye biyar za ka yanka ka haɗe, sama ɗaya gefe huɗu.

Robar da za ka nema ita ce akirilik, wadda ake sayarwa da sunan Perspex ko Plexiglas, mai kaurin milimita 3. In da hali ka ɗauki wadda aka zuba a mazubi, ta fi wadda inji ya murzo jure yanka da huji. Polikabonet ba ta fashewa da sauƙi amma saurin ƙarzanewa gare ta, ni dai ba na son ta a wannan aiki.

Kafin ka taɓa robar ka fara haɗa samfur da kwali da tef. Ka kifa shi, ka ɗora faifai babba mai santimita 30, ka ɗaga hannun allurar iyakar dagowarsa ka kai shi tsakiya ka dawo da shi, ka duba ko dunƙulen ƙarfen da ke bayan hannun yana gogar kwalin, a nan ne mutane ke tafka asara, su gama aiki tsaf sannan murfi ya ƙi rufuwa.

Takardar da ke manne a jikin robar ka bar ta har ka gama, bakin da za a haɗa kawai za ka ɓare. Kuma don Allah kada ka sa sufa gulu, farin hazo yake bari wanda ba ya fita. Akwai gam na akirilik mai kama da ruwa irin su Weld-On 4, da sirinji ake ɗiga shi a gaɓar ya bi ta da kansa ya narka bakunan su zama abu ɗaya, shi ya sa dole bakin ya miƙe sumul domin ba ya cike giɓi. Ka yi shi inda iska ke kaɗawa sosai, tururinsa na da illa. Idan da injin lesa, mai yanka da haske, aka yanka maka, bakin kan yi ƙananan tsagu da gam ya taɓa shi sai in an gasa robar a zafin digiri 80 na ma'aunin Celsius tukunna.

Yanzu hinjin, wanda shi ya kashe tsohon naka. Sufirin ɗinsa kullum wuri ɗaya yake matsa, don haka ka liƙa ƙarin falle ta ciki a wurin ya ninka kauri, ka huda a hankali da katako a ƙarƙashi, ramin ya ɗan fi sukurun faɗi, ka sa washa ta roba kuma kada ka ɗaure tamau. Ka lura, in sabon murfin ya fi tsohon nauyi hinjin ba zai riƙe shi a buɗe ba, faɗowarsa guda kuwa na iya sa allura ta yi tsalle ta karce maka faifai. In ka ga haka ka haƙura da hinjin kawai, ka sa ƴan robobi masu laushi a kusurwa huɗun ka riƙa ɗauke murfin gaba ɗaya in za ka saurara.

Wajen gogewa ruwan sabulu da tsumma mai laushi sun isa, sifirit da asiton (sinadarin goge jan farce) tsattsaga akirilik suke yi.