Me ya canja a yankunan ƙabilu na Pakistan bayan 2018?

Ka tambaya ko soke tsohuwar dokar yankunan ƙabilu na Pakistan ta kawo adalci ga talaka. A takarda, ta kawo. Tsohuwar dokar, wato FCR (dokar hukunta laifuka a yankunan kan iyaka) ta 1901, wadda Turawan mulkin mallaka suka kafa, ta ba jami'in gwamnati ikon hukunta dangi ko ƙabila gaba ɗaya kan laifin mutum ɗaya, a rushe gidaje, babu lauya, babu ɗaukaka ƙara zuwa kotu. Gyaran kundin tsarin mulki na 25, a watan Mayun 2018, ya haɗe yankunan bakwai, irin su Bajaur da Kurram da Waziristan, da lardin Khyber Pakhtunkhwa, aka kuma soke dokar FCR. Yanzu Babbar Kotun Peshawar da Kotun Ƙoli suna da hurumi a can, kuma a Yulin 2019 mutanen suka zaɓi 'yan majalisar lardi karo na farko.

A aikace kuwa, da sauran rina a kaba. Babbar matsalar ita ce filaye. Yawancinsu mallakar dangi ne, ba a auna su ba, ba rajista. Alƙali ba ya da takardar da zai dogara da ita, sai rigima ta koma hannun jirga, wato majalisar dattawan ƙabila, ko bakin bindiga, kamar yadda ake gani a Kurram. Sai an auna fili, an rubuta masu shi, har da rabon gadon mata, kafin kotu ta iya aiki.

Dakarun tsaron ƙabilu, wato Levies da Khasadar, da aka mayar 'yan sanda ma, da yawansu ba su saba rubuta ƙorafi ko adana shaida ba, don haka ƙararraki kan rushe a gaban alƙali. Kuɗin raya yankin da aka yi alkawari kuma bai zo cikakke ba.