Me ake nufi da "no big deal"?

Ɗan uwa ka ce wani ba'amurke da kuke aiki tare ya rubuto maka "no big deal" bayan ka ba shi haƙuri kan latti da ka yi, kana tsoron ko fushi ya yi. Kwantar da hankalinka, ba fushi ba ne sam, nufinsa ba komai, abin bai kai ya kawo ba. Haka suke faɗa in an ba su haƙuri ko an musu godiya, matasa ma har gajarta shi suke su ce "no biggie".

Amma don Allah ka kula da inda za ka sa shi, in kai aka yi wa laifi ko kai ka yi alherin to ya dace, amma mutum ya zo yana gaya maka ya rasa aiki ko ɗansa na asibiti ka ce masa haka, wallahi zai ji ka raina damuwarsa ne, kuma da gaskiyarsa. Sannan "big deal!" shi kaɗai gatse ne, kamar ka ce to sai me. Kar ka sa ko ɗaya a takardar neman aiki, maganar hira ce.