Auta, kafin ka yanki tikiti mu gama maganar asibiti

Auta, na saurari saƙonka sau biyu a mota, ina dawowa daga aikin dare. Minti bakwai ka yi kana magana. Ka tambayi kuɗin haya, ka tambayi makarantar yara, har da ko za a bar maman yara ta shigo da daddawa da kuka. Da ka zo kan asibiti sai ka ce wannan ba matsala, kamfaninku na Holan zai ji da shi, kuma ejan ya haɗa muku inshorar tafiya. Wannan maganar ce ta hana ni barci, shi ya sa na zauna rubutu maimakon in kira ka, don ka karanta ka sake karantawa, ka kuma ba matarka ta karanta.

Tun 2007 na shigar maka da takarda, kana Kadpoly ko aure ba ka yi ba. Shekara goma sha takwas muna jiran wannan bizar. Ni na sa hannu a takardar I-864, na yi wa gwamnatin Amurka alkawarin ɗaukar nauyinku har ku zama 'yan ƙasa ko ka yi aikin kusan shekara goma. Saboda haka ina da bakin magana, kuma ba zan tauna ta ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Kamfaninku ba zai ji da komai ba. A ƙasar nan yawancin masu aiki ta hannun ma'aikatarsu suke samun inshorar lafiya, don doka ta ɗora wa duk kamfanin da ke da cikakkun ma'aikata 50 ko fiye nauyin samar musu da ita, shi ma yana iya sa sabon ma'aikaci ya jira har kwana 90. To kai kamfaninka ba shi da ofis a nan, ba shi da rajista a nan, kuma a matsayin ɗan kwangila yake biyanka, ka turo takardar neman kuɗi ƙarshen wata su tura maka yuro. A idon hukumar haraji ta Amurka kai mai zaman kansa ne. Kai za ka biya harajin kashi 15.3 cikin ɗari na masu aikin kansu, ban da harajin kuɗin shiga, kuma kai za ka nemo wa iyalinka inshora da hannunka. Katin asibitin da suka yankar muku, wanda kuke nunawa a Kaduna da Abuja, ranar da jirginku ya tashi aikinsa ya ƙare.

Ka rubuta musu a satin nan, a rubuce, ba a waya ba. Ka gaya musu za ka koma Amurka da zama, ka tambaye su ko za su mayar da kai ƙarƙashin irin kamfanonin tsakanin nan da ke ɗaukar ma'aikaci a madadin kamfanin waje, su biya shi albashi bisa dokar ƙasar da yake zaune, wani lokaci har da inshora. In sun ƙi, ka nemi ƙarin albashi da sunan kuɗin lafiya. Kada ka ji kunya. Albashin da ya sa ake kiranka Alhaji a Unguwar Dosa, a Baltimore haya da mota kaɗai za su cinye fiye da rabinsa.

Ita kuma inshorar tafiyar da ejan ya sayar maka, ɗauko takardar ka karanta ƙananan rubutun ƙasa. An yi ta ne don baƙon sati biyu da ya zame a banɗaki ya karye. Kusan dukkansu sun cire duk ciwon da mutum yake da shi kafin ya saya. Auta, 'yarka ta biyu sikila gare ta. Da shi aka haife ta. Ranar da ciwon ya tashi cikin dare ka kai ta asibiti, za su karɓe ta, za su sa mata ruwa, za su ba ta maganin zafin ciwo, don tun 1986 doka ta hana sashen gaggawa korar wanda ya zo a mawuyacin hali saboda ba shi da kuɗi. Amma dokar ba ta ce kyauta ba ne. Takardar kuɗi za ta biyo ka gida, kamfanin ejan kuma ya ce babu ruwansa.

Ni na san wannan takardar. Ban taɓa gaya wa Hajiya ba, kai ma yau za ka fara ji.

A 2004 na zo gida karo na farko, ka tuna, lokacin damina. Na dawo da kwana tara zazzaɓi ya kwantar da ni. Na san maleriya ce tun daga yadda bakina ya yi ɗaci. Da a gida ne, kemis ɗin bakin layinmu zan aika ka, ka karɓo min magani, in sha kunu in rufa da bargo. A nan na je kantin magani ina rawar sanyi, matar ta ce sai da takardar likita. Ba ni da likita, ba ni da inshora, tasi nake tuƙawa. Na koma ɗaki na yi kwana biyu ina shan maganin ciwon kai ina cewa gobe zan warware. Maƙwabcina ɗan Gana ne ya ga ban fito sallar asuba ba, ya tura ƙofa ya same ni a ƙasa, ya kira motar asibiti. Kwana uku na yi a kwance. Allah ya saka wa likitocin, sun yi aikinsu.

Bayan sati uku ambulan ya fara zuwa. Na buɗe na farko a tsaye a gaban akwatin wasiƙa, na ga kuɗin gado, na zauna a kan matakala. Na ɗauka shi ke nan. Bayan kwana huɗu wani ya zo daga masu gwajin jini. Wani daga likitan da ya leƙo ni minti biyar, wanda ko fuskarsa ban riƙe ba. Wani daga masu motar da ta ɗauke ni, tafiyar da ba ta kai daga Kawo zuwa Kasuwar Barci ba. Da na haɗa su a kan katifa, sun haura dala dubu goma sha ɗaya. Shekara huɗu na yi ina biya. A cikin shekarun nan ne ake ta turo min saƙo daga gida cewa na samu duniya na manta da 'yan'uwa, har wani kawunmu ya ce wa Hajiya Amurka ta cinye mata ɗa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Abin da ya fi ƙona min rai, sai daga baya na gane asibitoci da yawa suna da tsarin rage wa mai ƙaramin ƙarfi kuɗi, cike takarda kawai ake yi. Babu wanda ya gaya min, ni kuma ban san ana tambaya ba.

Kai ka zo a lokacin da ya fi nawa sauƙi. A 2008 wani kamfani ya ƙi sayar min da inshora saboda hawan jini. Dokar da Obama ya sa wa hannu a 2010 ta kashe wannan, daga 2014 babu kamfanin da zai ƙi mutum ko ya ƙara masa kuɗi saboda tsohon ciwo, muddin a kasuwar inshora ta gwamnati ya saya. Jihohi da yawa da HealthCare.gov suke aiki, mu nan jihar Maryland namu daban, Maryland Health Connection. Ana buɗe rajista na 'yan makonni duk shekara daga 1 ga Nuwamba, amma wanda ya shigo daga wata ƙasa da zama ana ba shi kwana 60 nasa na musamman. Ka riƙe wannan lambar kamar lambar wayar Hajiya. Kuma kada ka ce sai katin zama, wato green card, ya iso ta gidan waya. Hatimin da za a buga maka a fasfo a filin jirgi shi ne shaidarka ta wucin gadi, da shi za mu fara. Na ga wanda ya zauna jiran kati har kwanakin suka wuce, ya yi watanni matarsa da ciki babu komai a hannu.

Inshorar ba ta fara aiki ranar da ka cike. Yawanci sai ɗaya ga watan da ke biye, kuma sai ka biya kuɗin watan farko. Saboda haka ranar da kuka sauka, washegari a gaban kwamfutata za mu wuni, yawon ganin gari ya jira.

Ga inda mutanenmu suke faɗawa rami. Sukan zaɓi mai arhar kuɗin wata, su ɗauka an gama. Inshorar nan ba irin ta KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, ko ta ma'aikatan tarayya ba ce da za ka nuna kati ka biya ɗan kaso na magani ka tafi. Akwai kuɗin wata, ko ka je asibiti ko ba ka je ba. Akwai wani adadi da sai ka fara biya daga aljihunka ya cika kafin kamfani ya sa hannu a yawancin abubuwa, a masu arha yakan kai dala dubbai. Bayan ya cika ma kuna raba sauran da su, har ka kai silin da doka ta yanka wa abin da za ka biya daga aljihunka a shekara, wanda a 2025 dala 9,200 ne ga mutum ɗaya, 18,400 ga iyali. An kasa tsare-tsaren hawa-hawa, tagulla, azurfa, zinariya, da na sama da su. Saurayi mai ƙoshin lafiya yana iya ɗaukar tagulla ya yi addu'a. Mai 'ya sikila ba ya wannan caca. Sannan kowane tsari da jerin likitoci da asibitocin da ya yarda da su. Muna da Johns Hopkins a garin nan, suna da ƙwararrun cutar jini na yara, amma sai mun duba sunansu yana cikin jerin kafin mu danna komai. Haƙori da ido na manya kuma daban ake saye.

Yaran suna da wata ƙofar. Kai da matarka ba za ku samu Medicaid, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ba sai kun shekara biyar da katin zama, dokar 1996 ce ta ce haka. Amma an bar wa jihohi zaɓin ɗauke wa yara da masu juna biyu wannan jiran, kuma Maryland ta ɗauke. In kuɗin shigarka bai haura iyakarsu ba, yaran za su iya shiga tsarin jiha. Ni dai ina cewa ka bar maganar Texas da abokinka yake zuga ka a kai, aƙalla shekarar farko. Kowace jiha da dokarta, ni kuma ta nan na sani.

Za su tambaye ka nawa kake sa ran samu a shekara, da shi suke lissafa tallafin da za su rage maka a kuɗin wata. Ka faɗi gaskiya. Kada wani ya ce maka tunda daga Holan kuɗin yake zuwa babu mai gani. Lokacin cike haraji a watan Afrilu za a daidaita lissafi, in ka rage, a karɓe abin da aka ba ka. Kuma kada ka gina kasafinka a kan tallafin da wani ya samu bara. Ƙarin tallafin da aka yi tun 2021 wa'adinsa ƙarshen 2025 ne, dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 kuma ta ƙara matse wa baƙi. Ka zo da kuɗin inshorar wata uku a ware, wanda ba na haya ba, ba na mota ba, ba na tsarabar kowa ba. In sai an sayar da filinka na Millennium City ne, a sayar.

Da ka sa lambar wayarka a intanet kana neman inshora, kira zai yi ta shigowa, murya mai daɗi, farashi rabin na gwamnati. Kashe wayar. Yawancinsu na gajeren lokaci ne, ko wasu ƙungiyoyin karo-karo da ba inshora ba ne a doka, duk kuma suna iya cewa sikila ba ta ciki. Akwai masu taimaka wa mutane cike takardun kasuwar gwamnati kyauta, wajensu za mu je in abu ya shige mana duhu.

Kafin ku taso, maman yara ta je wajen likitan yarinyar ta karɓo cikakken rahoto: sakamakon gwajin jini, sau nawa aka taɓa ƙara mata jini, magungunan da take sha da awonsu. Ku zo da na wata uku a cikin kwalayensu na asali, da takardar likita, a jakar hannu, kada a juye su a leda a cusa cikin akwati. Katin rigakafin yaran duka ma a zo da shi, makaranta ba za ta ɗauke su ba sai da shi. Naka gilashin ka yi guda biyu a asibitin ido na Mando, haƙorin nan da kake ta ɗagawa ka cire shi a gida. Kuma ina roƙonka, in wa'adin bizar ya ba da dama, kada ka sauke yarinyar nan a tsakiyar Janairu. Hunturun Kaduna da ke tayar mata da ciwo, a nan sanyin kaka ne.

Abu ɗaya da babu inshorar da ke biya shi ne jinya. A gida in an kwantar da yaro a Barau Dikko, kafin la'asar kulolin abinci sun cika ƙarƙashin gado, gwaggo ta shimfiɗa tabarma, maƙwabta suna shigowa sannu da jiki, a masallaci a yi karo-karo. A nan kwana ukun da na yi, ɗan Ganan nan ne kaɗai ya leƙo ni, shi ma sau ɗaya, don in bai fita aiki ba babu mai biyansa. Ku kam kuna da ni da yayarku, ɗakin ƙasa mun riga mun gyara, kuma ta ce za ta ɗauki hutu satin da za ku sauka. Amma ka shirya wa matarka zuciya tun yanzu, don ita za ta fi jin wannan.

Ka ɗauki hoton takardar ejan, shafi-shafi, ka turo min yau in karanta da kaina. Ka turo da amsar kamfaninku da zarar ta zo. Kada ka biya kuɗin tikiti sai mun yi magana ranar Lahadi bayan isha'inku. Ka gaida Hajiya, kuma labarin 2004 ya tsaya tsakaninmu.