Makirfo ko kyamara: wanne zan fara saye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne a Damagaram, ina so in riƙa ɗaukar darussa ina tura wa ɗalibai masu shirin jarrabawar BEPC ta WhatsApp. Jaka 60 ke hannuna. In sayi kyamara ko makirfo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sayi makirfo, kyamara ta jira. In wayarka na ɗaukar bidiyo mai matsakaicin kyau, wato 720p, ta isa nuna allo. Ɗalibi na jure hoto mai ɗan hazo, amma in ya kasa bambance "sha biyu" da "sha biyar" a bakinka, darasin ya tashi a banza. Kuma WhatsApp na matse bidiyo, kyan hoton da ka zuba wa kuɗi a hanya zai zube.

Nemi ɗan ƙaramin makirfon nan da ake maƙalawa a riga, mai igiya ya fi rashin rigima, ba ruwansa da caji. Nan ake yawan asara: duba kan filoginsa. Mai zobe uku shi ne na waya. Mai zobe biyu na kyamara ne, in ka soka shi waya za ta ci gaba da ɗauka da nata makirfon ba ka sani ba. In wayarka ba ta da ramin iyafis, sai ka haɗa da adafta ta USB-C. Kada ka bar shagon, a Kasuwar Dole ne ko ina, sai ka ɗauki magana, ka ƙwanƙwasa kan makirfon da farce, ka saurara. In ba ka ji ƙwas-ƙwas ba, bai shiga ba.

Maƙala shi santimita 15 zuwa 20 ƙasa da haɓa, inda wuyan riga ba zai goge shi ba, ka bar soson kansa, musamman da iskar hunturu.

Ɗakin ma rabin aikin ne. Siminti da rufin kwano na amsa kuwwa, don haka shimfiɗa darduma, saki labule, jingina katifa a bango. In kana da ɗakin ƙasa mai kaurin bango, irin na tsohuwar unguwar Birni, ya fi tare hayaniyar waje. Kashe fanka, duk da mun san zafin bazara ba wasa ba ne. Ka ɗauka bayan asuba kafin 'yan kabu-kabu su fito, minti goma-goma, don wayar ma kada ta ɗau zafi. Sa ta a yanayin jirgi kada kira ya katse ka.

Ragowar kuɗin, sayi mariƙin waya mai ƙafa uku da fawa-banki. Haske kuwa, fuskanci taga, kada ka ba ta baya.

Tambaya: Ni ɗinki nake koyarwa, ni ma haka?

Amsa: Hajiya, ke hannunki ake kallo. Fara da mariƙin da zai rataye waya bisa teburin yanka, da fitilar LED daga gefe don inuwar hannu kada ta rufe layin alli. Ƙarar keke na danne murya, saboda haka ɗauki ɗinkin daban, ki ɗora bayani daga baya.