Me ya sa lambobin waya duka suka koma 2147483647?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Aboabo a Kumasi, ina koyon rubuta manhaja. Na haɗa wa Islamiyyar unguwarmu rumbun bayanai da MySQL don ajiye lambobin wayar iyayen yara. Duk lambar da na shigar da 233 a gabanta, sai ta koma 2147483647. Cutar kwamfuta ce ta kama ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Matsalar daga gurbin da ka zaɓa wa lambobin take, wato INT.

Shi INT ɗakuna 32 gare shi, kowane ɗaki yana ɗaukar 0 ko 1. Ɗaya an ware shi don nuna ko lambar tana sama da sifiri ko ƙasa da shi, saura 31. In ka jera 2 guda 31 ka ninka su da juna, za ka sami 2,147,483,648. Cire ɗaya, tunda ƙirga daga sifiri take farawa, ga lambarka nan. Ita kuwa lambar wayar Gana mai 233 a gaba alƙaluma 12 ce, ta haura biliyan 233. Kamar olonka ce, gwangwanin awo a kasuwa: in ta cika, duk abin da ka ƙara zubewa zai yi.

Mayar da gurbin zuwa VARCHAR, wato gurbin rubutu, ka ajiye lambar a matsayin rubutu. Ai ba wanda ke tarawa ko raba lambar waya, kuma ta haka sifirin farko na 024 ba zai ɓace ba. Waɗanda suka riga suka lalace dai sai ka koma rajistar makaranta ka sake shigar da su.

Amma kada ka wuce wannan lamba ba ka san ta ba, domin tana da daraja tun kafin a ƙera kwamfuta. Duk girman nan nata, babu lambar da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, shi ya tabbatar da haka a 1772, ba tare da wata na'ura ba, abin da har yau yake burge ni. Ita ce mafi girma da aka sani cikin irinta har zuwa 1867. Tana cikin dangin lambobin Mersenne, waɗanda ake samu ta jera 2 a ninka su da juna a cire ɗaya, kamar 3, 7, 31 da 127. Ba duka ne ke ƙin rabuwa ba: 2047 tana cikin dangin, amma 23 sau 89 ce. Cikin masu ƙin rabuwar, taka ita ce ta takwas.

Za ka sake haɗuwa da ita a lissafin agogo. Tsofaffin na'urori da yawa suna ƙirga daƙiƙoƙi ne tun daga 1 ga Janairu 1970 a cikin ɗakuna 32 ɗin nan. Ƙirgar za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 3:14 da daƙiƙa 7 na dare agogon GMT, wanda shi ne agogonmu a nan Gana. Daga nan na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka ana Disamba 1901. Yawancin wayoyin zamani sun koma ɗakuna 64, ba ruwansu. Kai kuma in za ka ajiye ranakun da suka wuce 2038 a rumbun makarantar, yi amfani da gurbin DATE ko DATETIME maimakon TIMESTAMP, domin shi ma a 2038 yake cika.