Ƙanina ya karye a wuyan hannu, Baffa ya ce asibiti yankewa suke yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ƙanina ne ya faɗi da babur shekaranjiya, shi da abokansa suna bin hanyar daji sai suka faɗa yashi, kan babur ɗin ya ƙwace masa ya dafe ƙasa da hannun dama. Wuyan hannun ya kumbura ya ɗan karkace. Mun kai shi asibitin garinmu aka yi hoto, likita ya ce karayar ta shiga cikin gaɓa, ya sa masa rabin siminti ya ba mu takarda zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano wai ƙila sai an sa ƙarfe. Da muka dawo gida Baffanmu ya ce babu inda za a je, asibiti yanke hannu suke yi, ya kira mai ɗori ya cire simintin ya ja hannun ya ɗaure da kara. Tun jiya yaron bai runtsa ba, yatsun sun kumbura suntum kuma ya ce ba ya jin su sosai, mai ɗorin ya ce alamar ƙashi na kamawa ne. Dan Allah mu jira ko yaya? Hankalina ya tashi wallahi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Ɗan'uwa kafin ka ƙarasa karanta wannan amsar tashi ka kwance ɗaurin nan, duka, har ƙyallen da ke jikin fata, kar ka jira mai ɗori kar ka jira Baffa ya dawo daga masallaci. In da zobe ko agogo ko kambu a hannun a cire. Ku samu kwali mai ƙwari ku ɗora hannun a kai, a naɗe sako-sako yadda yatsanka zai iya shiga, ya riƙe hannun daidai ƙirjinsa, ku ɗauki hoton nan da takardar da aka ba ku ku nufi emajensi yanzu. In Dala ta yi muku nisa ku fara da babban asibitin da ya fi kusa. Kar a ba shi abinci a hanya, ƙila a shiga da shi tiyata. Kuma kar a ɗura masa tiramol don ya samu barci, zafin nan shi ne ke gaya mana halin da hannun ke ciki.

Ƙashi ba ya hana mutum barci don yana kamawa. Karayar da aka daidaita aka tallafe ta da kyau zafinta raguwa yake yi kullum, in ka ga yana ƙaruwa to wani abu ne daban. Naman da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu yana cikin wata fata mai tauri ta ciki wadda ba ta miƙewa, bayan karaya jini da kumburi suna taruwa a ciki, kwana biyu zuwa uku na farko nan kumburin ya fi yawa, shi ya sa likitan can ya sa rabin siminti, ba rowa ya yi muku ba, fili ya bar wa kumburin. Sai aka zo aka jera kara kewaye da hannun aka tamke. Yanzu kumburi na turowa daga ciki, ɗauri na matsewa daga waje, jini ya kasa ratsa naman. Nama in ya rasa jini awa shida zuwa takwas ya fara mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Ka kama yatsansa ɗaya ka miƙe shi a hankali, in ya ƙwalla ihu to abin da nake tsoro ne. Kar wani ya ce ai ga jijiya nan tana bugawa, tana iya bugawa alhali naman na mutuwa.

Sai maganar Baffa, kuma ka yi haƙuri zan daɗe a nan domin babu ranar Allah da ba na jin wannan magana a wurin aiki, har ta ishe ni. Karayar wuyan hannu wadda fata ba ta fashe ba, aka kawo ta ranar da ta faru, babu likitan da zai yanke ta, me zai yanka, a kan wane dalili? Ga yadda labarin yankewa ke samuwa. Yaro ya karye a kai shi wurin ɗori, a tamke, ya kwana yana kuka a ce jarumta ce ba shi da ita, kwana biyu yatsu su yi sanyi su kumbura har da ƙuraje masu ruwa, a ce a ƙara shafa man shanu, ranar huɗu ko biyar yatsu su yi baƙi ƙirin ɗaki ya fara wari, sai a lokacin za a nemi mota a taho mana da shi cikin dare. Mu kwance kara mu tarar da hannun da ya riga ya ruɓe, yaro na zazzaɓi gubar ta fara shiga jini, in ba a cire ba ransa za a rasa. A cire. Su koma gida, labarin da zai zaga gari shi ne an kai wane asibiti sun guntule masa hannu. Kwana biyar ɗin nan da aka yi ana kallon hannu na mutuwa babu mai ba da labarinsu. Mai ɗorin ma har ya samu bakin cewa da kun bar shi a wurina da ya warke, wani kuma ya ce ai sammu ne. Shikenan gobe wani Baffan ya hana a kai nasa ɗan.

Wanda kuma bai kai ga ruɓewa ba, naman ya mutu a ciki ya ƙanƙance, yatsu su lanƙwashe su ƙage, hannu yana nan amma ko cokali ba ya riƙewa. Tun 1881 wani likitan Jamus mai suna Volkmann ya bayyana wannan, ya kuma nuna cewa matsattsen ɗauri ne ke jawo shi, mu har yau muna ganinsa a yara 'yan firamare.

Na san za a ce ai wane da wane a wurin ɗori suka warke. Gaskiya ne, domin ƙashi da ikon Allah yake haɗewa, karaya da yawa ko kyale ta aka yi za ta kama. Abin tambaya a wane yanayi ta kama, kuma wa zai gane wadda ba za a kyale ba? Mai ɗori ba shi da hoto, da yatsa yake lalube ta saman kumburi, ba ya ganin cikin gaɓa. Kuma tunda Baffa mutum ne mai addini a tuna masa, cikin ladabi, hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to shi ke da alhakin abin da ya biyo baya. Tofi da addu'a babu mai hana ku, a yi su a bakin gadon asibiti. In ka san ba zai saurare ka ba ka kira wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana, amma ku kuna cikin mota a lokacin.

Abin da za ku tarar a can: in matsin ya yi yawa za a tsaga fatar hannun a saki naman ya sha iska, a bar wurin a buɗe wasu kwanaki kafin a rufe, ganinsa ba daɗi amma shi ke ceton hannun, kar wani ya gani ya ce an fara yankan. Sannan a dawo kan ƙashin. Babban ƙashin da ke ɓangaren babban yatsa shi ke ɗaukar kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin da ke bi ta wuyan hannu, in fuskar gaɓar ta haɗe da tudu ko na milimita 2 ne, gaɓar za ta riƙa cin kanta, saurayi ya fara ciwon gaɓa tun bai yi aure ba. Dalilin ƙarfen kenan, ɗan faranti ne da kusoshi, ba ya tsatsa, galibi ma ba a cire shi. Ƙila kuma su ga ja da siminti ya isa, ko 'yan siraran wayoyin ƙarfe da za su riƙe ƙashin, a sake hoto bayan mako guda don ƙashin kan zame in kumburi ya sauka. In aka yi sakaci har mako uku ya fara kamawa a karkace, gyaransa sai an sake yanka ƙashin, kuɗin ma ya ninka. Maganar kuɗi kuma na san ita ce rabin tsoron, ku tambayi ofishin walwalar marasa lafiya, kuma in mai yankar kati ya ce ku bi layi ka ce masa yatsu sun daina ji tun jiya, ka nemi nas ta gani da idonta.

Ka gaya musu su duba gindin babban yatsa, akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi a nan da ke karyewa a irin wannan faɗuwar kuma sau da yawa ba ya fitowa a hoton farko sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. In ya bugu a ka, ko ya yi amai ko ya ɗan suma a wurin, a faɗa, na tabbata babu hular kwano a kansa.

Siminti kusan mako shida ne, bayansa gashin ƙashi, kuma yatsun ya riƙa motsa su tun ranar farko in likita ya ba da izini. In yana shan sigari ya ajiye, tana jinkirta haɗewar ƙashi. Babur kuwa, balle a yashi da burji inda hannu ke shan jijjiga, kar ya taɓa kafin wata uku, kuma sai an sake hoto likitansa ya ce ya hau.