Za Mu Kafa Gidauniyar Taimakon Masu Buƙata Ta Musamman: Da Wa Za Mu Haɗa Kai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu 'yan kasuwa ne a Kano. Duk azumi mukan haɗa kuɗi mu sayi kekunan guragu da buhunan shinkafa mu raba. Bana muna so mu kafa gidauniya. Wasu cikinmu sun ce mu haɗa kai da gwamnati, wasu sun ce da ƙungiyoyin ƙasashen waje, wasu kuma suna ganin mu ci gaba yadda muka saba. Wanne ya fi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi.

Akwai abokin tafiyar da ba ku ambata ba, kuma shi ya kamata ku fara nema: su kansu mutanen da kuke son taimakawa. Suna da haɗaɗɗiyar ƙungiya ta ƙasa, JONAPWD, mai rassa a jihohi, wadda ta tattaro makafi da kurame da guragu da zabiya da masu lalurar laka da waɗanda kuturta ta taɓa. Ga kuma sarkin makafi da sarkin guragu, waɗanda suka san jama'arsu gida-gida. Sai dai ku lura, sunayen da za a fara kawo muku galibi na maza ne da ke fita. Yarinyar da aka ajiye a ɗaka ba ta taɓa taka makaranta ba, ba za ku same ta a takarda ba sai kun tura mata sun shiga gidaje sun tambaya.

Bari in tsaya a kan keken nan, don a nan kuɗin masu alheri ya fi salwanta. Yawancin kekunan da ake sayowa irin na asibiti ne, an ƙera su don siminti mai santsi da mai turawa a baya. Idan suka shiga rairayi da kwatocin lungunanmu, ba a jimawa taya ta goce, kuma babu kayan gyaransu a kasuwa. Abin da ya fi wannan muni shi ne keken da bai dace da jikin mai shi ba. Mai lalurar laka ba ya jin ciwo a mazaunansa, don haka idan babu matashin zama mai kyau sai gyambo ya fito, kuma irin wannan gyambon yana kisa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa a fara duba mutum a auna shi, a daidaita masa keken, a koya masa amfani da shi, sannan a riƙa bibiya. A nan Kano akwai ƙungiyar waɗanda shan inna ya taɓa, suna ƙera keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda duk mai walda da mai faci zai iya gyarawa. Ku saya a wurinsu ga wanda irinsa ya dace da shi, kun ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kuma a kan kowane keke ku ware kuɗin gyara.

Batun gwamnati kuwa, ku je mata da sanin abin da doka ta ɗora mata. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024, ta kuma ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. An kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Saboda haka kada ku ɗauke wa gwamnati nauyinta. Ita ke da gini da malamai da albashi, ku kuma ku cike ƙananan giɓin da ke tsayar da karatu: takardar rubutun makafi, allo da tsinken rubutunsu, batirin na'urar ji. Makarantar masu buƙata ta musamman irin ta Tudun Maliki da ke Kano za ta gaya muku abin da take buƙata. Ku ba da kaya a rubuce, da sa hannu, kada ku ba da tsabar kuɗi.

Ƙungiyoyin waje irin su Sightsavers da CBM da The Leprosy Mission sun daɗe a Arewa, kuma abin da za ku fi ƙaruwa da shi a wurinsu ƙwarewa ce. Shirye-shiryensu na da ranar ƙarewa, sannan za su nemi rajistarku ta hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAC) da lissafin kuɗi a tsare. Da masu aikin ido cikinsu ko da asibitin ido na ECWA da ke Kano za ku iya ɗaukar nauyin aikin yanar ido, wanda ke mayar wa tsoho ganinsa. A ganina wannan ya fi buhu goma na shinkafa.

Amma abin da kuke da shi wanda gwamnati da Turawa ba su da shi, shagunanku ne. Kurma na iya ɗinki, yana iya gyaran waya, gurgu na iya riƙe littafin shago da na'urar POS. Idan kowane ɗayanku ya ɗauki yaron shago ɗaya daga cikinsu, ya koya masa kasuwa, ya sallame shi da jari kamar yadda ake yi wa kowa, kun yi aikin da babu wata gidauniya da za ta iya saye da kuɗi.

Ku raba asusu biyu tun daga farko, na zakka da na sadaka. Yawancin malamai suna ganin zakka sai an damƙa ta a hannun wanda ya cancanta, don haka gina matakalar keke a masallaci ko buɗe wurin ƙira ya fi dacewa da sadaka ko waƙafi. Ku zauna da malaminku a kan wannan kafin kuɗi su gauraya. Shinkafar azumi kuma ku ci gaba da ita, amma a kai wa mutane gida, a daina jera su a rana ana jiran masu ɗaukar hoto.